Gwajin da Aka Yi a Firji

Manaja ta juyo da takardar ta fuskanci Injiniya, ta ɗora bakin biro a kan layin ƙarshe.

"Duba nan da kyau," in ji ta. "Masu lodi na waje, tun da muka ba su tablet, minti ashirin sun sallami mota. 'Yan ofishin oda kuwa ba a magana. Amma dubi ɗakin sanyi. Da can mota ba ta wuce rabin awa a ƙofarsu, yanzu sai ta yi awa ɗaya da rabi tana jira. Jiya wani babban kanti ya dawo mana da katan tamanin na kifi, wai ya fara sakin ruwa kafin ya isa. Lambobin da suke shigarwa ma rabi kuskure ne."

Injiniya ya sunkuya yana duba takardar kamar yanzu ya fara ganin ta, alhali shi ya fitar da ita daga kwamfuta da safen nan. Shi dai ba injiniya ba ne, diflomar kwamfuta gare shi. Ranar da ya kama aiki ya gyara wata firinta da ta gagari kowa, sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Kamfanin nasu ajiye kifi da kaji yake yi cikin ƙanƙara yana rarraba wa kantuna, kuma duk wani abu mai batir ko mai sikirin a cikinsa a hannun Injiniya yake.

"Na san shugaban ɗakin kawunka ne," Manaja ta ci gaba, ta ɗan sassauta murya. "Shi ya sa na kira ka kafin kowa ya ji. Mutumin kirki ne, ba na musu. Amma abin nan ya fi ƙarfinsa, ya kasa koya, ya kuma ja mutanensa sun kasa. Na rubuta takardar sallama. Sai dai hedikwata ba za su karɓa ba sai da sa hannunka, cewa na'ura lafiyarta ƙalau, matsalar daga mai riƙe ta ce."

Ta jawo wani littafi mai bangon roba daga aljihun tebur. Tun daga nesa Injiniya ya gane shi. Rahoton da ya rubuta ne wata huɗu da suka wuce. Ta buɗe shafi na goma sha ɗaya, inda ta riga ta ja layi da jan biro, ta karanta da ƙarfi: "An gwada tablet ɗin a kowane sashe na kamfani, har da cikin ɗakin sanyi, kuma ta yi aiki ba tare da wata matsala ba."

Ta rufe. "Ka ga ai ka riga ka faɗa, maimaitawa kawai za ka yi. Ƙarfe huɗu zan aika. Kuma na yaba maka, ba kowa ke iya raba aiki da zumunci ba."

Ya ce to. Ya ma yi godiya, don bakinsa ya saba. Ya karɓi takardar da ake so ya sa wa hannu, ya fito.

Ga yadda aka yi gwajin nan. Lokacin da kamfani ya ce za a sauya tsofaffin na'urorin shigar da kaya, an ba Injiniya abu uku ya kwatanta: tsohuwar na'ura mai madannai, wayar hannu ta shafawa, da tablet. Ya kuwa zage ya yi aiki, a ba shi wannan. Ya auna nauyin kowace, ya auna batir, ya saki kowace daga kan tebur ya ga wadda za ta fashe. Waya ya ce sikirin ɗinta ya yi ƙanƙanta, kuma ma'aikata hira za su riƙa yi da ita. Tsohuwar kuwa ya yi mata tas. Wata baƙar aba ce kamar bulo, da ɗan koren gilashi mai layi biyu da madannan roba goma sha shida, ba hoto ba komai. Ya rubuta cewa madannai na masu tsoron koyo ne, ƙwararren ma'aikaci shafawa yake yi ya wuce.

Ranar da zai gwada a ɗakin sanyi ya sauko da sabon takalmi da 'yar shara-sharar riga. Aka turo ƙofa za a fito da kaya, sanyin ya mare shi a fuska har sai da haƙoransa suka amsa. Ya leƙa, ya hango kawun nasa can ciki yana ɗaga masa hannu, ya ɗaga masa shi ma, ya juya. Ya hau sama, ya buɗe ɗan firjin ofis, ya cusa tablet ɗin tsakanin gorar ruwan sakatariya da robar madarar wani, ya ba ta minti ashirin. Da ya ciro ta ya ajiye kofin shayinsa, ya shafa ta da yatsu masu ɗumi, ta amsa sumul. Shi ke nan gwajin. Ya zauna ya rubuta layin nan na shafi na goma sha ɗaya, ko a jikinsa.

Rahoton ne ya kai shi shugaban sashe, aka ba shi ofis mai ƙofa da labule. Ranar da labarin ya isa gida, Kawu ya zo har falon ƙanwarsa Inna, mahaifiyar Injiniya, yana ta washe baki. "Ba na gaya miki ba?" yake cewa. "Tun ranar da na riƙo hannunsa na kai shi gaban tsohon manaja na ce yaron nan zai wuce mu duka." Shi ne fa ya nema masa aikin, da takardunsa a cikin ambulan, yana bin ofisoshi da rigar sanyi a jiki.

Injiniya bai koma ofis ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya bi matakala zuwa ƙasa.

A bakin ɗakin sanyi wata mota na tsaye baya a buɗe, direban ya jingina da taya yana tsaki. Ƙofar ɗakin mai kauri ce, da mariƙi irin na bayan babbar mota, a bayanta kuma labulen roba mai tsaga-tsaga. Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, shi ya fara ganin sa. Ya taka birki ya ƙwala kira ciki.

"Sarki! Fito ka ga abin mamaki, yau 'yan sama sun sauko!"

Sarkin Ƙanƙara suke kiran Kawu, shekara goma sha tara yana ɗakin. Ya keto labulen ya fito, gajere kakkaura, hular ulu a ƙarƙashin hular kwano, gashin bakinsa ya yi fari da ƙanƙara.

"A'a! Ranka ya daɗe, Injiniya da kansa? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Kawu. So nake in ga yadda kuke aiki."

Kawu ya dube shi. A wurin aiki Injiniya bai taɓa ce masa Kawu ba, Sarki yake ce masa kamar kowa, wai don kada a ce. Kawu ya ciro wata babbar riga daga ƙugiya ya zura masa, ya ja masa zif har wuya kamar mai shirya ɗan makaranta, ya ba shi takalmin roba da safar hannu masu kauri kamar burodi.

"Taka a hankali, ƙasan da santsi. Kar ka faɗi uwarka ta cinye ni."

Suka shiga. Injiniya ya ja numfashi ɗaya ya ji hancinsa ya manne daga ciki. Manyan fankoki na ruri a sama, sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi. Kataye jere a kan katako har kusa da rufi, kowanne ya yi furfura. A jikin bango agogon awon sanyi na nuna ashirin ƙasa da sifili.

Aikin ba wuya a baki. Duk tarin kayan da za a fitar sai an shigar da lambarsa mai lamba takwas, da yawan katan, da ranar lalacewa. A rahoton Injiniya, kyamarar tablet ce za ta karanta takardar da ke jikin katan ta hutar da kowa. Kawu ya ɗaga tablet ɗin ya saita ta, ta yi ta lalube ba ta ga komai ba, don ƙanƙara ta lulluɓe takardar. Ya kankare da gefen hannu, rabin rubutun ya biyo ƙanƙarar.

"Haka take yi, sai da hannu," in ji shi, ba ko alamar ƙorafi a muryarsa.

Ya sa haƙori ya zare safar hannun dama, don gilashin ba ya jin safa. Ya danna lamba uku, ta huɗu ta ƙi shiga. Ya hura yatsan, ya sake, sai ta shigar da biyu a jere. Ya goge, ya cusa hannun a hammata ya ɗan jira, ya fito da shi ya ƙarasa. Duk wannan lokacin kansa na ƙasa. Sai da ya gama ya ɗago ya fara ƙirga katan, ya sake sunkuyawa. Dogo na kan motarsa yana kaɗa ƙafa.

"Da tsohuwar fa?" Injiniya ya tambaya, duk da ba ya son jin amsar.

Dogo ne ya amsa daga kan motarsa. "Tsohuwar? Kai, ba ka ga Sarki da ita ba ne! Ko kallon ta ba ya yi. Tana tafin hannunsa, safa a hannu, idonsa na kan kaya, babban yatsa na tafiya, ƙit ƙit ƙit. Yana ƙirga yana dannawa yana zagi na duk a lokaci guda. Ni nake gudu in kamo shi. Yanzu kuwa ni da mota mun koma 'yan kallo."

"Ja motarka, sarkin surutu," in ji Kawu.

Injiniya ya miƙa hannu. "Kawo in gwada."

Ya cire safa. Tarin farko ya shigar da shi tsaf, har wani ɗan daɗi ya fara taso masa, ya ce a ransa wataƙila dai da gaske rashin sabo ne. A na biyu yatsunsa suka fara zugi. A na uku ya daina jin su gaba ɗaya, yana kallon yatsansa a kan gilashi kamar na wani. Ya nufi bakwai ya samu huɗu. Ya danna gogewa ta goge layin duka. Numfashinsa ya rufe sikirin da hazo, ya share da hannun riga, sharewar ta buɗe wani shafi daban. Batirin da ya gani a saba'in da suka shigo ya dawo arba'in da ɗaya. Hawaye ya taru masa, na sanyi ne ko na me, shi ma bai tantance ba. Minti goma sha biyu ya yi bai gama tari uku ba, mutumin da ya rubuta shafi ashirin da biyu a kan abin.

"Kawo, ɗana, kar hannunka ya lalace," in ji Kawu, ya karɓe. "Ba ka saba ba ne."

Dogo ya kashe mota ya diro. "Injiniya, ni fa ba na iya ɓoye magana. Tun satin farko muka so mu hau sama mu faɗa. Sarki ya tare ƙofa. Ya ce aikin ɗansa ne, duk wanda ya kai ƙara babu shi babu shi. Har safar shafawa na sayo a kasuwa, siririya kamar ta ƙafa, minti biyar ba ta yi ba sanyi ya ratsa. Ce masa ya nuna maka yatsansa."

"Dogo."

"Wallahi sai na faɗa. Nuna masa!"

Kawu ya juya ya nufi ƙofa, ya ce lokacin shan shayi ya yi.

A gefen ɗakin sanyin akwai wani ɗan ɗaki da suke ɗumama jiki, benci biyu da butar lantarki da kofunan da suka sha duniya. Kawu ya zuba shayi ya miƙa masa, ya rungumi nasa kofin da hannu biyu. A nan Injiniya ya ga yatsan. Kan manunin ya yi fari-fari kamar kakin kyandir, fatar ta tsage a wuri biyu, farcen ya fara baƙi daga gindi. Na kusa da shi ma ya kama hanya.

Kunya ta rufe Injiniya, irin wadda mutum ke jin ta har a tafin ƙafa. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ciro takardar daga aljihu ya ajiye a kan benci, ya faɗi abin da ke ciki yana kallon ƙasa.

Kawu bai taɓa takardar ba. Ya kurɓi shayi.

"Sallama," in ji shi. "Shekara goma sha tara ko takardar gargaɗi ban taɓa karɓa ba. To. Allah ya sa haka ya fi alheri. Sa musu hannu."

"Kawu, ba laifinka ba ne. Ni ne. Gwajin nan da na rubuta na yi a nan..."

"Ba ka shigo ba. Na sani."

Injiniya ya ɗago.

"Haba, ɗana. Ko ƙuda ya shiga ɗakin nan sai na sani, balle mutum da sabon takalmi. Ka zo ƙofa, ka ɗaga mini hannu, ka koma. Bayan sati biyu Manaja ta tare ni a tsakar kamfani ta ce, Sarki, Injiniya ya zo wurinku kuwa? Na ce ya zo. Ai ka zo ɗin."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ko a gida?"

"In ce me? Ranar da uwarka ke rawa a falo? Na ɗauka hannun zai saba. Komai sabo ne." Ya dubi yatsan ya yi 'yar dariya. "Shi ne dai ya ƙi."

"Zan je in faɗa mata gaskiya."

Nan fuskar Kawu ta sauya. Ya ajiye kofin da ƙarfi.

"Ka faɗa mata me? Cewa ka rubuta ƙarya ka sa hannu, suka sayi abin nan guda sittin a kan maganarka? Kana tsammanin kujera kawai za su karɓe? Korar ka za su yi, kuma takardar da za su ba ka ba inda za ka kai ta. Ni shekara biyu suka rage mini in yi ritaya, na ci nawa. Kai matarka cikin wata bakwai gare ta. Kar ka kuskura. Ni na kawo ka gidan nan, ban kawo ka don in ga fitarka ba." Ya miƙe ya ja hularsa. "Tashi ka koma sama, mota na jira na."

Ya koma sama ɗin. Abin kunyar ke nan, ya koma, kuma a matakala har ya ji wani sauƙi-sauƙi yana shigar sa, tunda an ba shi izini. Ya tsani kansa da ya ji sauƙin, amma ya ji.

Ya rufe ƙofar ofis ya saki labule. Tablet ɗinsa na gefen tebur, ƙura ta ɗan hau ta, don shi kallon ƙwallo kawai yake yi da ita lokacin hutu. Aikin gaske a kan kibod yake yin sa, wani mai manyan madannai masu ƙara da ya yi oda musamman, wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Ya ɗora yatsu a kai, suna ta zugi yanzu da jini ya dawo. Ya fara rubutu idonsa na kan sikirin, yatsun na tafiya da kansu. Sai da ya cika layi biyu ya lura ko sau ɗaya bai dubi hannunsa ba. Ya janye hannun ya ɗora a cinya.

Ya rubuta: "An samu wasu ƙalubale da ba a hango ba." Ya goge. Ya rubuta: "Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa yanayin ɗakin sanyi na iya shafar aikin na'urar." Wannan ta yi masa kyau, ba ƙarya a ciki, ba kuma shi a ciki. Amma ya san Manaja. Shafi na goma sha ɗaya za ta buɗe ta ce, to wancan gwajin fa? Ya goge. Ya sha ruwa. Ya gyara wa wani ɗan ofishin oda imel ɗinsa da ya ƙi buɗewa, ya ja aikin minti biyar ya kai rabin awa. Ya fita sallar azahar ya dawo ta bayan gini, don kada ya bi ta ƙofar ɗakin sanyi.

Wajen ƙarfe uku saura waya ta yi ƙara. Inna ce.

"Kana aiki ko? Ba zan daɗe ba. Matar Yaya ce ta zo ɗazu, ta ce yatsansa ya hana shi barci, sai ya tsoma a ruwan ɗumi. An yi an yi ya je asibiti ya ƙi, wai in ya tafi aiki zai tsaya a ce ya gaza. Kai dai ka yi masa magana, yana jin taka. Tunda yanzu kai ne babba a wurin, ko hutun kwana biyu ka sa a ba shi."

"To, Inna."

"Me ya sami muryarka? Mura?"

"Sanyi na ɗan shiga."

"Ka riƙa kula. Allah ya yi maka albarka, ya bar ku tare kai da kawunka."

Ya ce amin. Ya kife wayar a kan tebur, ya dafe kai. Ya tuna matarsa da safe tana lissafa masa kayan jariri tana dariya. Ya tuna ofis ɗin nan da labulensa, da yadda masu gadi ke miƙewa in ya shigo. Duk yana son su, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Ya jawo takardar Manaja ya buɗe biro, ya riƙe shi a saman layin har tawada ta ɗiga ɗan ɗigo a gefe. Bai sa ba, bai kuma yaga ba. Haka ya zauna kamar an dasa shi har agogo ya nuna huɗu saura minti goma.

Ya tashi da takardar, shi kansa bai san me zai ce ba.

A kan matakala suka yi kiciɓis da Kawu yana saukowa. Ba rigar sanyi a jikinsa, sai wata tsohuwar shat da ta sha guga, hular kwanon a hannu. Rabon Injiniya da ya gan shi a hawan sama tun ranar da ya kawo shi neman aiki.

"Kawu, daga ina?"

"Ka gaida mutanen gida," in ji Kawu, ya raɓa shi ya wuce bai tsaya ba.

Manaja na haɗa jakarta lokacin da ya shiga. Ta dube shi da fara'a irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"Yauwa, Injiniya, yanzu nake shirin kiran ka. Ka huta. Kawunka ya zo da kansa. Ya ce idonsa ne ya raunana, ba ya ganin lambobi, ya ɓoye ne don kunya. Ya ce na'ura ba ta da laifi ko kaɗan, kai ma ka sha zuwa kana koya masa. Ya rubuta takardar ajiye aiki, ga ta nan. Wallahi har ya ba ni tausayi, da ƙyar ya riƙe biron." Ta miƙo hannu. "Kawo waccan in yaga, ba a bukatar sa hannunka kuma. Wata mai zuwa Dogo zai riƙe ɗakin, sai ka shirya musu horo na kwana biyu."

Ya miƙa mata. Ta yaga gida biyu ta jefa a kwando, ta rataya jaka, ta ɗauki makullin mota. Ba wanda zai sake tambayar sa komai. Ƙofa na bayansa a buɗe, taku uku ne.

Ya ja kujerar baƙi ya zauna.

"Lafiya?" in ji Manaja.

"Idonsa ƙalau yake, ranki ya daɗe. Ya fi nawa. Ni ban taɓa shiga ɗakin sanyi ba sai yau."

Ta sauke jakar daga kafaɗa ta ajiye a kan tebur, ta koma kujerarta ta zauna.

"Tashi ka rufe ƙofar," in ji ta. "Ka faro mini daga farko."